Ƴan kwanson magani da zafin Yamai: kundin aiki, Janairu zuwa Mayu

9 ga Janairu

Jiya na raka Gwaggo tasha, ta koma Tawa bayan ƙarin ruwa na huɗu. Jan maganin nan ne, doksorubisin. Ranar farko da ta ga fitsarinta ya yi ja, ta ƙwala mini kira daga banɗaki jikinta na ɓari, ta zaci jini ne. Sai da na rantse mata launin maganin ne, kwana ɗaya ko biyu zai wuce. Gashi ya zube tun mako na uku, farcenta sun yi duhu, bakinta ya yi miki har fura ma sai da cokali a hankali. Ƙullutun da ke nononta bai kai ƙwan kaza ba, amma tun daga kai har ƙafa babu inda bai ji a jikinsa ba.

Maganin ba shi da laifi a kan aikinsa, yana kashe sankara sosai. Daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, Streptomyces peucetius, aka samo shi a Italiya cikin shekarun 1960, kuma har yau yana sahun gaba wajen sankarar mama. Matsalarsa ita ce bai san gida ba. Duk inda jini ya kai shi, nan yake sauka, har zuciya. Shi ya sa likitoci ke ƙidaya abin da mutum ya sha tsawon rayuwarsa, ba a son ya wuce miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, don zuciya ba ta mantuwa.

Aikin da nake yi a labonmu na hayin kogi shi ne in kulle wannan magani cikin ƴan kwanso, kowane faɗinsa mikiron 3 zuwa 5, bai kai jan ƙwayar jini ba, wadda ke da 7 zuwa 8. A jikin kwanson a shafa wani baƙin abu mai shan haske ya mai da shi zafi. In an zuba su cikin ƙarin, a haska musu leza mai tsawon zango nanomita 808, hasken da ke can bayan ja wanda nama ba ya sha sosai. Wurin ya ɗumama zuwa digiri 43 ko sama kaɗan, zafin ya galabaitar da ƙwayoyin sankara, ya kuma sassauta kwanson maganin ya fito a daidai lokacin da suka yi laushi. A takarda ke nan. Zan riƙa rubuta yadda take kasancewa a kan tebur.

21 ga Janairu

Ba a gina kwanso a kan iska, sai an samu abin da za a naɗa shi a kai, daga baya a narkar da abin. Wannan dabara ta shimfiɗa bisa shimfiɗa Gero Decher ne ya fito da ita a farkon shekarun 1990, sannan a 1998 masu bincike a cibiyar Max Planck ta Jamus, cikinsu da Sukhorukov da Caruso da Möhwald, suka nuna ana iya cire cikin a bar kwanso fanko.

Mu cikinmu alli ne. Ruwan kalsiyom kulorid da ruwan sodiyom kabonat, a haɗa su lokaci guda ana motsawa da ƙarfi daƙiƙa 30, sai ruwa ya yi fari fat kamar nono. In an dace, a ƙarƙashin mikroskop za a ga ƴan dunƙule mulmulallu masu ramuka, irin allin da ake kira baterit. In ba a dace ba, sai a ga ƴan tubala masu kusurwa, kalsit, waɗanda ba su da amfani gare mu. Baterit ba ya son zama a ruwa, bar shi ya kwana ya rikiɗe.

Sau shida na yi, sau huɗu tubala. Baba mai kula da kayan labo ya tsaya bayana yana kallo, can ya ce, "Ɗiyata, kina barin su jiƙe kina zuwa wanke kwalabe. Tace su nan take, ki ɗauraye da alkol, ki busar." Na bi maganarsa. Na bakwai ya fito kamar an zuba gero a faranti, kusan duk girmansu ɗaya. Na daɗe ban ɗaga ido daga madubin ba.

Ƙurar hunturu ta dame mu. Komai na rufe da takardar alminiyom, amma duk da haka sai na ga gashin ƙura kwance a kan gilashi kamar gungume a tsakiyar ƴan dunƙulena.

4 ga Fabrairu

Bangon kwanso yana son abu biyu masu kishiyar caji, a riƙa tsoma ƴan dunƙulen cikin wannan, a wanke, a tsoma cikin wancan, kowace shimfiɗa ta kama ta ƙarƙashinta kamar maganaɗisu. Yawancin masu wannan aiki suna amfani da wasu robobi na kanti, PAH da PSS, masu ƙarfi amma jiki ba ya narkar da su. Mu mun zaɓi kitozan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande, sai abokin haɗinsa. Da farko aljinat, wanda ake samu daga ciyawar teku, aka rubuta cikin tsarin aikin. Ni na ce wa Malam, mai duba aikina, me zai hana mu gwada ƙaro.

Ya ɗago kai ya ce, "Ƙaron tawada?"

Na ce, "Shi fa, Malam. Cajinsa ya dace, kuma ga shi a kasuwar Katako, ba sai mun jira jirgi ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce in yi duka biyun gefe da gefe, kada son gida ya rufe mini ido. Gaskiyarsa.

Na sayo ƙaron dakwara na jika ɗaya, na zauna na tsince farare tas, na ware masu ja da masu ɓawon itace. Na jiƙa ya kwana, na tace sau uku, na zuba alkol ya kwanta, na busar. Abin da ya rage fari ne kamar garin rogo. Yaran makarantar allo na haɗa tawada da shi tun kaka da kakanni don rubutu ya kama allo, ni kuma ina so ya kama kitozan.

Inda aka sha wuya shi ne tsami. Kitozan ba ya narkewa sai a ruwa mai ɗan tsami, shi kuma alli tsami ke cinye shi. In pH, ma'aunin tsami, ya haura 6.5 kitozan ya guntse, in ya sauka ƙasa sosai ƴan dunƙulen su fara kumfa su ɓace. Tsakanin nan akwai ƴar siririyar hanya kusa da 6, a kanta nake tafiya. Shimfiɗa takwas, kowace da wanki biyu a injin wulwulawa, yini guda cur.

19 ga Fabrairu

Na yi asarar magani yau. Duk gwajin da ya gabata da shuɗin metilen nake yi a madadin doksorubisin, don shi da araha kuma cajinsu iri ɗaya. Yau na ce bari in gajarce hanya, in zuba ainihin maganin tun wajen haɗa allin ya shige ciki gaba ɗaya. Yana taɓa ruwan kabonat ya bar ja ya koma shuni-shuni. Doksorubisin ba ya jure ruwa mai kanwa-kanwa, na san haka, na karanta, amma gaggawa ta ci ni. Miligiram 5 sun tafi kwandon dafi. Na tuna abin da muka biya wa Gwaggo kwalba ɗaya, sai na kasa cin abincin rana. Daga yau magani shi ne na ƙarshen shiga, bayan an gama gini an share ɗaki.

7 ga Maris

Azumi ya mai da aikina na asuba, kuma ya yi mini daidai. Bayan sahur da salla nake ƙetare gadar Kennedy, kogi ya fara ja da baya, labo shiru kuma da sauran sanyi.

Wannan makon na baƙar riga ne. Akwai hanyoyi da dama na sa kwanso ya sha haske. Zinariya ce ta fi suna: Naomi Halas da Jennifer West na jami'ar Rice a Amurka sun nuna a 2003 cewa ƴan ƙwayoyi masu rufin zinariya na ƙona ƙari a jikin ɓera in an haska su, kuma a 2019 aka wallafa gwajinsu a kan maza 16 masu sankarar mafitsara ta furostat. Akwai koren rini ICG da asibitoci ke amfani da shi tun 1959, sai dai yana lalacewa a ruwa da haske, kuma hanta na kwashe shi daga jini cikin ƴan mintuna. Mu folidofamin muka ɗauka. Haeshin Lee da Phillip Messersmith suka bayyana shi a 2007, bayan nazarin yadda wata dabbar teku mai kwanso ke manne wa dutse cikin ruwa. Sauƙinsa har ban mamaki: miligiram 2 na dofamin a kowace mililita ta ruwan Tris mai pH 8.5, a bar bakin kwalba buɗe iska ta shiga, a yi ta motsawa. Ruwan ya fara kamar shayi marar ƙarfi, ya koma kamar kofi, zuwa azahar ya yi baƙi ƙirin, kuma duk abin da ke ciki ya sa riga. Ɗan'uwan melanin ne, abin da ya ba fatarmu launinta. Wannan zumunta za ta dawo mini daga baya, na sani.

Sai cire alli ta hanyar zuba EDTA, sinadarin da ke narkar da shi. Karon farko na zuba da yawa lokaci guda, kwanson suka fashe kamar salkar da aka cika fiye da ƙima, sai tsumma a ƙarƙashin madubi. Da na riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, suka tsira. Na ƙaro sun fi na aljinat taushi, sun fi saurin lotsewa in sun bushe, amma da baƙar rigar a kansu sun tsaya. Na jiƙa su cikin jan magani suka kwana a firji cikin duhu. Da safe ruwan sama ya kusa washewa, gindin kwalba ya yi ja-baƙi. Sun sha.

25 ga Maris

Leza ta iso, ƴar ƙarama kamar akwatin sabulu. Kafin a kunna, Malam ya tara mu ya ce ba wanda zai shiga ɗakin ba tabarau, don wannan haske ido na ganinsa kamar ɗan garwashin da ya kusa mutuwa alhali yana iya ƙona bayan ido kafin mutum ya ƙifta. Baba ya rubuta gargaɗi ya manna a ƙofa, ya kuma riƙe makulli.

Kwalba biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya da ƴan kwanso. Minti biyar ana haskawa. Ruwan zalla da ƙyar ya motsa digiri ɗaya. Ɗayar ta tashi daga 31 ta wuce 45 ina kallon lambobi na hawa. Na kashe, ta huce, na sake kunnawa, ta sake hawa, har sau biyar ba ta gaza ba. Kuma bayan kowace haskawa ruwan saman ya ƙara ja, na'urar auna launi a nanomita 480 ta tabbatar. A ruwa mai pH 5.5, irin tsamin da ke cikin ƴan jakunkunan ƙwayar halitta, fitar ta fi ta ruwa mai 7.4 irin na jini. Abin da muke so ke nan.

Na fita tsakar gida na yi alhamdu lillahi a fili. Da na sha ruwa da magariba na kira Gwaggo, ban gaya mata komai ba, muryarta kawai nake son ji.

11 ga Afrilu

Ga inda aikin ya juya mini.

Ranar Juma'a na bar kwalabe shida na kwanso masu magani a firji. Wuta ta ɗauke tsawon ƙarshen mako, janareto bai tashi ba. Litinin na buɗe ƙofar labo zafi ya buge ni kamar bakin tanda. Ma'aunin da ke bango ya nuna ɗakin ya kai 42, cikin firjin kuwa ɗumi kamar hamma. Kwalaben shida duk ruwan samansu ya yi ja. Ba leza, ba haske, ba kowa. Sun buɗe da kansu.

Na zauna a kan kujera na daɗe. Wata uku ina murnar na gina ƙofar da zafi ke buɗewa, ban tsaya na tambayi kaina ba a wane gari nake gina ta. Duk takardun da na karanta, in sun ce "zafin ɗaki" 20 zuwa 25 suke nufi. Tsakanin ɗakinsu da digiri 43 akwai tazara mai faɗi. A Yamai cikin Afrilu da Mayu inuwa kanta na wuce 40, Tawa ma haka ko fiye. Cikin motar da aka rufe, ko bayan babur, ko ɗakin kwano na wata likita a ƙauye, ya zarce abin da lezata ke bayarwa. Ma'ana kwanson da na yi, in aka ɗauko shi daga nan zuwa Tawa, tafiyar sama da kilomita 500, kafin a kai Dogon Dutsi ya zubar da cikinsa.

Na je wa Malam da kwalaben a hannu, ina jin kamar in yi kuka. Ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken taga, ya ce, "Kin auna nawa ya fita?" Na ce a'a. Ya ce, "To je ki auna. Wannan ba ɓarna ba ce tukuna, sai kin zubar ba ki auna ba."

Na auna. Na ƙaro sun fi na aljinat zuba. Ban ji daɗin rubuta wannan ba, amma haka yake.

Yanzu tambayar aikin ta sauya. Da ina tambaya ko zai buɗe in an haska shi. Yanzu ina tambaya ko zai iya zama rufe a 45 na mako da makonni, sannan ya buɗe cikin minti biyar a jikin mutum. Da farko abin ya yi mini kamar ba zai yiwu ba, zafi ai zafi ne. Amma akwai bambanci biyu. Na ɗaya, kwanson da ke jiƙe ne ke zuba, busasshe ba shi da ruwan da magani zai bi ya fita. Na biyu, lokacin haskawa jikin baƙar rigar ne ke fara ɗaukar zafi kafin ruwan da ke kewaye. Saboda haka hanya biyu: a adana su a bushe kamar gari, a jiƙa sai za a yi allura, kuma a ƙara ɗaure bangon.

17 ga Afrilu

Baba ya kawo randa biyu, ƙarama cikin babba, yashi jiƙaƙƙe a tsakani, tsumma a baki. Dabarar da Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ba ta kai sanyin 2 zuwa 8 da ruwan doksorubisin ke bukata, ko kusa, amma a wannan busasshiyar iska ta riƙe ƙasa da 30 ranar da ɗaki ke 41. Yanzu in wuta ta ɗauke nan kwalabe ke gudun hijira. Na sa ta cikin tsarin gwaji a matsayin wurin ajiya na uku.

2 ga Mayu

Zumuntar melanin ta dawo. Baba ya samo mini fatar akuya biyu daga wani mahauci, fara da baƙa, muka aske su. Na ɗora kowace a kan yankan tsokar kaza, kwalbar kwanso a ƙasa, na haska daga sama da ƙarfi ɗaya.

Ta farar fata haske ya ratsa, kwalba ta ɗumama. Baƙar kuwa ita ta fara shan rabonta, samanta ya yi zafi har na ji ƙauri, abin da ya isa ƙasa bai taka kara ya karya ba. Fatar akuya ba fatar mutum ba ce, amma saƙon ya isa. Ƙa'idar kariya ta ce a nanomita 808 kada fata ta sha fiye da wat 0.33 a kan murabba'in santimita, alhali gwaje-gwaje da yawa a kwalba da ɓera suna amfani da wat 1 ko 2. Kuma ɓerayen da aka fi amfani da su farare ne ko marasa gashi. Na kalli bayan hannuna na kalli baƙar fatar nan.

Akwai mafita. A nanomita 1064 melanin ba ya sha sosai, iyakar kariya ma ta kai wat 1, shi ya sa masu cire gashi da leza ke zaɓarsa ga baƙar fata. Sai dai folidofamin ma shansa na raguwa a can, tunda ƴan gida ɗaya ne. Ko kuma a tsallake fatar gaba ɗaya, a zura zaren gilashi mai ɗaukar haske ta cikin allura har tsakiyar ƙarin, kamar yadda aka yi a gwajin furostat ɗin nan. Ni na fi karkata ga wannan, don ko da fara ce fatar, hasken ba ya nisa da ƙarfinsa, ƴan milimita ne zuwa santimita guda.

15 ga Mayu

Gwaggo ta zo duba lafiya. An yi mata aiki, gashi ya fara tsirowa laushi kamar na jariri. Da dare muna kwance a tsakar gida saboda zafi, ta ce, "Ɗiyata, wanga magani naku da ba shi zubda gashi, yaushe za a fara ba mutane?"

Na ce, "Gwaggo, da sauran tafiya. Ko ɓera bai gani ba tukuna."

Ta ce, "To Allah shi ba ku sa'a. Ko ban same shi ba, wata ta samu."

Ban iya barci ba, ina ta lissafin tafiyar. Doxil, doksorubisin cikin ƴan jakunkunan kitse, ya samu izini a Amurka tun 1995 kuma ya rage cutar da zuciya. Amma ThermoDox, wanda aka ƙera don ya buɗe da zafi kamar nawa, ya kai babban gwaji a kan sankarar hanta bai cim ma burinsa ba a 2013, na biyun ma aka ba da shawarar tsayar da shi a 2020. Wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen dabbobi ya gano cewa, a tsaka-tsaki, kashi 0.7 cikin 100 kawai na ƴan ƙwayoyin da aka zuba a jijiya ke isa ƙarin. Nawa kuwa sun ma yi girman bin jijiya, huhu da hanta da saifa za su tare su. Wurinsu shi ne allura kai tsaye cikin ƙarin da hannu ke iya kaiwa: wanda ya dawo a bangon ƙirji bayan an cire mama, na bakin mahaifa, na fatar zabiya da rana ke ci.

Kuma yawancin matanmu ba sa zuwa sai ciwo ya fashe ya bazu, lokacin da maganin wuri ɗaya ba zai warkar ba. Ƙasar nan sai a 2021 ta fara gashin sankara da na'ura a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa a nan Yamai, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya. Wadda ke Abalak ko Keita har yanzu sai ta sayar da akuya ta hau mota. Na san kwansona ba zai gyara wannan ba. Amma na ga miki a ƙirjin wata mata a layin asibiti, tana rufe shi da gefen mayafi saboda ƙuda, kuma ko rage mata wannan kaɗai aka yi ba tare da an taɓa zuciyarta ba, ya isa in ci gaba da tashi da asuba.

28 ga Mayu

An yi yayyafin farko shekaranjiya, ƙasa ta yi ƙamshi, iska ta fara nauyi. Randar Baba za ta rage aiki in damina ta kankama, wannan ma abin rubutawa ne.

Na yi sabon zubi kashi huɗu: ƙaro zalla, aljinat zalla, gaurayen biyun, da ƙaro wanda na ninka kaurin baƙar rigarsa. Ba mu da injin busarwa da sanyi, don haka na haɗa su da sukarin tirehalos, wanda ke kare abubuwa masu laushi lokacin bushewa, na busar a tukunyar gilashi mai zuƙe iska. Da na sake jiƙa kaɗan don dubawa, na ƙaro zalla da yawa sun manne da juna, masu kaurin riga sun ware ɗai-ɗai sun koma mulmulallu.

Kowane kashi na raba uku: firji, randa, da saman kabad kusa da rufin kwano inda ma'auni ya nuna 46 jiya da la'asar. Akwai kashi na musamman da ƙanena direba zai saka a aljihun motarsa, shuɗin metilen ne a ciki ba magani ba, ya je Tawa ya dawo da shi sau biyu, da ɗan ma'aunin zafi ɗaure a jiki. Kowace Litinin zan buɗe kwalba ɗaya daga kowane wuri, in jiƙa, in auna abin da ya zuba, sannan in haska in ga ko har yanzu tana amsawa. Malam ya rubuta wa wani labo a waje da ke da ƙwayoyin sankarar mama na MCF-7, amma ya ce ba za mu aika komai ba sai kwalaben saman kabad sun cika mako takwas. Litinin mai zuwa ce ta farko.